Zanen da ke Ƙugun Inna

Layi huɗu ne da 'yar alamar tarawa a tsakiya, irin wadda nake koya wa yara a darasin lissafi. An zana su da tawada mai ruwan shuɗi a saman ƙugun Inna na hagu, kuma duka faɗinsu bai wuce tafin hannuna ba. Kwana goma sha biyu aka ce in yi gadinsu. A kwana na bakwai na kasa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ce, ina koyarwa a wata firamare a Kaura. Inna mahaifiyata ce, kuma shekara biyu kafin nan an cire mata nono ɗaya a Sakkwato saboda ciwon daji. Mun ɗauka an gama. Sai ga ciwo ya ɓullo a ƙugu, muka ce sanyi ne, muka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har ya kai ba ta iya kwanciya, ba ta iya zama. Matar da ba ta taɓa barin tsintsiya ta huta ba ta koma tana dafa bango kafin ta kai bayi. Nishinta har zaure ake ji. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, in na ji nishin nan sai in tashi in kama wanke kwanon da na riga na wanke.

Daga asibitin Kaura aka tura mu Gusau, daga Gusau aka ce sai Zariya, can ne ake da injin da ke gasa irin wannan ciwo. A lokacin 'yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, motocin haya ma an fara ware na mata daban, sai yayana ya yi shatar mota guda don mu tafi tare. Muka shimfiɗe Inna a kujerar baya, kanta a cinyata. Duk ramin da direba ya faɗa sai ta damƙe mini gwiwa, ni kuma in zage shi a zuci, wani lokaci ma a fili.

Likitan da ya duba hoton ƙashinta bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce ciwon ya shiga ƙashi, gashin ba zai fitar da shi ba, amma yana sa ran zai rage zafin sosai har ta samu barci. Daga nan aka shiga da ita wani ɗaki, wani ma'aikaci ya auna, ya ɗauki hoto, ya yi zanen. Namiji ne. Sai da aka sassauta mata zane har ƙasan ƙugu, ita da ko mu 'ya'yanta ba mu taɓa ganin cinyarta ba. Ta rufe fuska da mayafi har aka gama.

Ma'aikacin ya kira ni gefe ya ce, "Injin nan ba ya ganin ciwo, zanen nan yake bi. Kada ruwa ya taɓa wurin, kada a shafa mai. In ya dushe kada ku ƙara da kanku, ku zo mu gani." Inji ɗaya ne, mutane kuwa daga ko'ina, saboda haka ranarmu sai bayan kwana goma sha biyu.

Na so mu zauna a Zariya gidan wata 'yar'uwar babanmu marigayi. Inna ta ƙi. Ta ce, "Maishe ni gida. Ba ni kwana sha biyu gidan mutane ina nishi suna saurare." Muka sake bin ramukan nan muka koma Kaura.

Bazara ce, irin zafin da mutum kan yi gumi yana zaune a inuwa. Na kwaso kayana daga gidan mijina na dawo ɗakin Inna. Aikina fifita, da goge mata jiki da jiƙaƙƙen tsumma ina kewaye wurin. Kafin in tafi makaranta in ɗaga zane in duba, in na dawo ko jaka ban ajiye ba in sake dubawa. Wata rana ta ce sai ta yi wanka, muka yi ta ja-in-ja har ta yi fushi ta ce, "Ke kin maishe ni allo. Kullum buɗe, kullum leƙe." Na ce ta yi haƙuri, saura kwana kaɗan. Zanen ya ɗan dushe da gumi amma ana ganinsa sarai.

Ranar Alhamis aka aiko cewa kawun mijina ya rasu a Shinkafi. Gaisuwar surukai ba a aika ta da saƙo. Na bar wa matar yayana amana, na maimaita mata har sau uku, na hau mota. Ranar kasuwar Shinkafi ce, hanya cike da motocin dabbobi da na hatsi, muka yi ta jan jiki. A gidan makokin na zauna cikin mata ina amsa addu'a, hankalina yana Kaura. Ana kawo fura na miƙe na ce ina da marar lafiya. Na san sun yi gulmata, ban damu ba.

La'asar sakaliya na shigo gida. Tun daga zaure na ji ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya. A tsakar gida ga babbar tukunya a kan murhu, ga ganye warwatse a bakin bayi, ga takalmin Gwaggo a ƙofar ɗaki.

Gwaggo yayar babanmu ce, unguwarzoma ce a Zurmi. Ita ta yi wa Inna wankan jego a haihuwarta bakwai, kuma a wurinta babu ciwon jikin da ruwan zafi da ganye ba sa saukarwa. Ta ji labari ta taso da sassafe. Matar yayana ta faɗa mata abin da na ce, Gwaggo ta kalle ta sau ɗaya, ita kuma ta je ta hura wuta.

Na faɗa ɗakin na ɗaga zanen Inna. Fata ce kawai, ja, tana ƙyalli da man shanu. Ko ɗigo babu.

Ban san sa'ad da na ɗaga murya ba. Na ce, "Gwaggo kin kashe mu! Kin san abin da kinka yi?"

Ta ce, "Ke, rage murya. Dubi matar ga."

Na duba. Inna barci take yi, bakinta a ɗan buɗe, hannunta ya saki. Rabon da in gan ta haka har na manta. Wannan ya ƙara tunzura ni, don na rasa inda zan sa fushina.

Gwaggo ta ja ni waje ta ce, "Tun da niz zo take nishi, babu wanda yat taimake ta, kuna tsaron tawada. Shekara arba'in ina gasa mata masu jego, yau ɗiyar da niy yanke ma cibi za ta koya mani? Wanga zane shi ad damuwarki? Ai na ga inda yake. A maishe shi."

Na ce likita ya hana. Ta ce likita yana Zariya.

Kafin magariba ruwan zafin ya sake ta, ciwon ya dawo kamar jiya. Da na gaya wa Inna cewa in muka je babu zane sai an sake auna ta, wataƙila ma a sake sa mana wata rana, sai ta fashe da kuka. Ta ce ita ba za ta sake buɗe jikinta gaban ƙato ba, kuma ba za ta iya ƙarin kwana ɗaya a kan sha biyun nan ba. Ta ce, "Ke ba malama ta ba? Zane huɗu ya gagare ki?"

Washegari da hantsi na je kemis na sayo jibi, wannan maganin shuɗin da ake sa wa miki, don kalarsa ta yi kusa da ta tawadar asibiti. Na ɗauko rula daga jakata ta makaranta. Muka kwantar da Inna a bakin ƙofa inda haske yake. Na ƙura ido ina neman ko da inuwar tsohon layin, na ga wani abu, amma ban sani ba ko layi ne ko jijiya. Gwaggo ta dangwala yatsa ta ce nan ne. Ni na ga kamar ya fi nan sama. Sai Gwaggo ta ce, "Yo mi ag gardama? A tambayi mai ciwo." Ta danna ta ce, "Nan?" Inna ta ce a'a. Ta sauko ta danna, Inna ta yi ƙara. Gwaggo ta ce, "To kin ji. Inda ka ciwo nan za a gasa."

Maganar ta shige ni, don ta yi kama da hankali. Na tsoma tsinken ashana a jibi na ja layi huɗu da rula, na sa alamar tarawa a tsakiya. Ya yi kyau ƙwarai, ya ma fi na asibitin miƙewa. Gwaggo ta ce a bi shi da lalle yadda ko an yi wanka ba zai fita ba. Na ce a'a, za su gane. Da na ji abin da ya fito daga bakina sai na san ha'inci nake yi, amma ban fasa ba. Muka yi shawara mu uku cewa ko yayana ba zai ji ba. Gwaggo ta koma Zurmi da yamma, ta bar ni da abin.

Kwana biyar ɗin da suka rage ban zauna wuri ɗaya ba. A aji in juya zan yi rubutu a allo sai in tsaya da alli a hannu, yara su yi ta kallona. Na doki wata yarinya a kan abin da bai kai ya kawo ba, har yau ina jin kunyar wannan. A gida in ɗaga zane in duba aikina, in ce daidai ne, in fita tsakar gida in dawo in ce ya yi ƙasa. Na tuna likita ya ce suna auna wurin ne don kada gashin ya taɓa hanji da mafitsara. In na ƙudura zan faɗa sai in ji nishin Inna, in ce ai bambancin bai fi yatsa biyu ba, wa zai mutu don yatsa biyu? Abinci ma a tsaye nake ci. Mijina ya zo duba mu ya tambaye ni ko lafiya, na ce ya ƙyale ni.

Ranar ta zo muka koma Zariya tare da yayana. Muka zauna a dogon benci a ƙofar ɗakin injin, Inna a keken marasa lafiya ta karkace gefe ɗaya. Mutane suna shiga suna fitowa, kowa da nasa zanen, wani a wuya, wata a ƙirji. Ni sai tashi nake ina zama. Inna ta lura, ta kamo wuyan hannuna ta matse, ta ce a hankali, "Ki kama bakinki."

Aka kira ta. Ma'aikacin nan ne dai ya tura keken. Na bi su har ƙofa don in taimaka a hau da ita gado. Ya ɗaga gefen zanen, ya dubi layin, ya fara jawo kan injin yana saita wani haske a kai. Bai ce komai ba. Da ya tambaya, wataƙila da na yi ƙarya. Shirun nan nasa ne ya kayar da ni, don na ga da gaske abin da na zana da tsinken ashana shi za a bi.

Na ce, "Malam, tsaya. Ni na yi wannan."

Ya juyo. Na zayyana masa komai, ruwan zafi, man shanu, jibi, rula. Ina jira ya zage ni, don na fi son haka. Sai ya kashe hasken kawai, ya sa auduga da sifirit ya goge aikina, ya ce sai an sake hoto an sake awo, kuma masu awon sun cika har ƙarshen mako. Kwana huɗu ke nan. Inna ta juya fuskarta bango.

A ɗaki ɗaya muka yi kwana huɗun nan gidan 'yar'uwar babanmu, gidan da Inna ta guje wa tun farko. Ƙwayoyin da aka ba ta ba sa kai ta ko'ina. Tana cusa bakin mayafi a baki don kada masu gida su ji, suna kuwa ji. In na miƙa mata ruwa sai ta ƙi karɓa, sai yayana ya karɓa ya ba ta. Sau ɗaya Inna ta yi mini magana, rana ta uku da azahar. Ta ce, "Da kin yi shiru da yanzu an kusa gamawa."

Maimakon in haɗiye, sai bakina ya riga ni. Na ce, "Da kin hana Gwaggo da ba mu zo nan ba." Na fita waje na zauna a kan turmi ina jin haushin kaina, ina jin haushinta, ina jin haushin Gwaggo da ke can Zurmi hankalinta kwance. Wannan maganar tana cikin abubuwan da nake roƙon Allah ya yafe mini.

Ranar awo aka sake sassauta mata zane gaban namijin nan, ta sake rufe fuska. Da aka gama ya kira ni da yayana ya nuna mana. Sauran jibina bai gama fita ba, ana ganin inuwarsa. Sabon zanen yana sama da nawa da tafin hannu guda, ya kuma karkata wajen baya, ko gefensu bai haɗu ba. Ya ce sau da yawa ciwon ƙashi yana can sama amma mai shi a ƙasa yake jin zafin, har cinya, har gwiwa. Ban gaya wa Inna ba, don a lokacin ba ta sauraron komai daga gare ni.

Kwana biyar aka yi ana gashin. Ni na zaci za a ga wuta ko a ji ƙauri. Mintoci kaɗan ne, a rufe ta ita kaɗai, a buɗe. Ranar farko ta fito ta ce wa yayana, "Shi ke nan? Ni ban ji komi ba. Anya sun kunna shi?" An gargaɗe mu cewa ciwon zai iya ƙaruwa na 'yan kwanaki kafin ya fara sauka, kuma sauƙin yakan ɗauki mako biyu ko fiye. Jin gargaɗi daban, gani daban. Muna komawa Kaura ciwon ya tashi fiye da da. Mata masu zuwa dubiya suna fita suna ƙus-ƙus a zaure. Gwaggo ta aiko daga Zurmi a tambaye ni ko injin ya fi ganyen. Na ce a gaya mata na ji.

Na fara ƙirga kwanaki, sannan na daina. Na ce a raina na ja mata tafiya huɗu a kan ramuka, da tsiraici sau biyu, da kwana huɗu na banza, ga shi babu abin da ya canza. Wasu ranakun in na taso daga makaranta sai in bi doguwar hanya ta wajen tashar jirgi, don kawai in jinkirta shiga gidan.

Wata Asabar, mako na uku da dawowarmu, na makara bayan sallar asuba, rana ta fito sosai kafin in farka. Gidan shiru. Na saurara, babu nishi. Na dubi gadon Inna, babu kowa. Na zabura na fito ko ɗankwali babu, ina salati, don abu ɗaya ne ya zo mini.

Tana zaune a tsakar gida a kan 'yar kujerar tsuguno, wadda ba ta kai taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Ta baje zogale a tabarma tana tsigewa. Ita ta kai kanta wurin, ita ta sauka har ƙasa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Gidan ga tun yaushe rabon shi da shara? Ku mata biyu."

Na durƙusa a gabanta na kama kuka, irin mai majina. Murna ce, amma da tsoro a ciki, don na ga tana shirin ɗauka ta warke, ni kuwa na san abin da likita ya ce. Na gaji da ɓoye-ɓoye. Na ce, "Inna, ciwon hwa yana nan. Zahin ɗai anka rage."

Ba ta daina tsigar ba. Ta ce, "Na sani. Da likita yana hwaɗi ina nan, huskata nir ruhe, ba kunnena ba." Ta tura ganyen gefe da bayan hannu. "Yayanki ya gaya mani inda kinka zana da inda sunka zana."

Na jira sauran. Wata biyar aka ba mu bayan wannan safiyar, kafin ciwon ya fito a haƙarƙari ta ce ba ta sake hawa mota, kuma a cikin wata biyar ɗin ba ta ƙara tayar da maganar ba. A ranar ma ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce na kyauta ba. Ta miƙo mini hannu ta ce, "Share hancinki ki ɗebo mani ruwa. Ƙishi nika ji."

Na kawo a moɗa, ta karɓa daga hannuna ta sha.